Fashin Baƙi: Hasashen Farauta a Gaɓar Tekun Karolina, da Dalilin da Ya Sa Namun Dajinsu Ba Sa Ƙarewa

A duk shekara, daga watan Agusta zuwa Satumba, hukumomin kula da namun daji da mujallun mafarauta a kudu maso gabashin Amurka sukan fitar da abin da suke kira hasashen farauta. A ciki ake bayyana ko bana barewa za ta samu, a wane yanki beyar ya yi yawa, ina aladen daji suka addabi manoma, da kuma lokacin da ake sa ran saukar agwagin ruwa. Bahaushen da ya ci karo da hoton wani Ba'amurke tsugune kusa da ƙaton naman da ya harbo, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: ƙasar da ake harbe barewa wajen miliyan 6 a shekara, ta yaya dajinta bai zama fayau ba? Tambaya ce mai ma'ana, musamman daga mutanen da suka tashi suna jin labarin giwa da ɓauna a dazukan da yau ko gada sai an sha wuya kafin a gani.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi ta farkon ɗaure kai. Cikin dabbobin nan huɗu, ukun da doka ta ƙayyade musu lokaci da adadi an iya riƙe yawansu daidai gwargwado. Na huɗun, wato alade, wanda aka ce kowa ya harba dare da rana ba iyaka, shi ne ya gagari kowa. Domin a gane yadda haka ta faru, za mu ɗauki yanki guda mu duba shi da kyau: gaɓar tekun Atlantika ta jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu.

Wace irin ƙasa ce?

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kamar faifai. A wasu ƙananan hukumomin Karolina ta Arewa, irin su Hyde da Dare da Tyrrell, mutum zai yi tafiyar kilomitoci bai hau tudun da ya ɗara teku da mita biyu ba. Akwai fadamu masu baƙin ruwa, da sunƙurun da ko kare sai ya yi da gaske yake ratsawa, da gandun itatuwan katako na kamfanoni, sai kuma manyan gonakin masara da waken soya da alkama da gyaɗa da auduga. Gonar tana ƙarewa sunƙurun na farawa, babu komai a tsakani sai lambatu. Wannan maƙwabtaka ita ce rabin labarin: dabba ta kwana a inda ba a iya shiga, ta fito ta ci a inda aka zuba taki.

A gyara fahimta kan sunaye tun da wuri. Abin da muke kira barewa a nan ba irin tamu ta Sahel ba ce. Ta fi ta girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, kuma namijin kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, wanda yake zubarwa a ƙarshen hunturu ya sake fitar da sabo. Beyar kuwa baƙar dabba ce mai kauri da gashi, ba mu da ita a Afirka ta Yamma, tana cin nama amma mafi yawan abincinta tsiro ne.

Ranar da aka raba farauta da kasuwa

Amurkawa ma sun taɓa cinye dajinsu. Wajen shekarar 1900, barewar da ta rage a duk faɗin ƙasar ba ta wuce 500,000 ba. A mashigin ruwa na Currituck da ke Karolina ta Arewa, maharban kasuwa suna ɗora wata ƙatuwar bindiga a goshin kwalekwale, su lallaɓa cikin dare, harbi ɗaya ya zubar da agwagi gommai. A zuba su a ganga a aika gidajen cin abinci na Niyok da Baltimo. Muddin akwai mai saye, babu dokar da ta iya tsayar da mai harbi.

Abin da ya juya lamarin shi ne toshe kasuwar. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Birtaniya, a madadin Kanada, kan tsuntsaye masu ƙaura, aka mayar da ita doka a 1918. Har gobe, maharbi yana iya cin barewar da ya harbo, ya ba maƙwabci, ya kai wa masu ciyar da mabuƙata, amma sayar da naman laifi ne. Babu mai tsire ko mai kilishin da zai saya a hannunsa. Sai a kwatanta da inda naman daji ke rataye a bakin titi da farashinsa.

Sannan aka ɗora wa mafarauta nauyin kuɗin. A 1934 aka fito da kan sarki na musamman wanda duk mai son harbin agwagwa sai ya saya. Dala 1 ne a lokacin, tun 2015 ya koma dala 25, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ne wajen sayen fadamu da kare su. A 1937 dokar Pittman da Robertson ta keɓe harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsashi, wanda yau kashi 11 cikin 100 ne, ana raba wa jihohi don aikin namun daji. Da irin waɗannan kuɗaɗe aka riƙa kamo barewa daga inda ta rage ana sakewa a inda ta ƙare. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan 30. Wani abin lura shi ne, kaso mai tsoka na wannan haraji yanzu daga aljihun waɗanda ba su taɓa shiga daji ba yake fitowa, masu sayen bindiga don tsaron gida ko harbin allo. Mafarauta ba su cika son a tuna musu da wannan ba.

Saboda haka hasashen farauta ba duba ba ne. Lissafi ne da ake haɗawa daga adadin da aka harbe bara, da shekarun dabbobin da aka harbe, da yawan abincin daji, da ruwan sama, da cututtuka. Kowace dabba kuma da abin da ke juya ta.

Barewa: yawa daban, gani daban

A kudancin gaɓar Karolina ta Kudu ana buɗe farautar barewa da bindiga tun 15 ga Agusta, ba a rufewa sai 1 ga Janairu, ɗaya daga cikin mafi tsawon lokutan farauta a ƙasar. Kafin 2017, a yawancin jihar babu ma iyakar yawan mazan da mutum zai harba. A shekarar ce aka fara raba alamun da ake ɗaura wa kowace dabba kafin a ɗauke ta daga inda ta faɗi.

Abin da ya kawo wannan tsauri shi ne raguwa. Barewar jihar ta kai kusan miliyan 1 a ƙarshen shekarun 1990, daga nan ta sauko da abin da ya kusa kashi 30 cikin 100. Dalili na farko itace ne. Idan aka sare gandu aka dasa sabo, shekarun farko ƙasa cike take da ciyawa da tofo, barewa na ci tana haihuwar tagwaye. Da itatuwan sun girma sun haɗe sama, inuwa ta kashe abin da ke ƙasa, dajin ya yi kyau a ido amma babu abinci. Dalili na biyu koyoti ne, wani dangin dila da ya fi dila girma, wanda aka fara gani a jihar a 1978 kuma yanzu babu ƙaramar hukumar da babu shi. Binciken da aka yi a yankin kogin Savannah ya nuna shi ne kan gaba wajen cinye 'ya'yan barewa a makonninsu na farko.

Akwai kuma abin da ke rikita sababbin maharba. A shekarar da itatuwan ok, wasu manyan itatuwan daji da barewa ke cin 'ya'yansu, suka yi 'ya'ya da yawa, barewa ba ta da dalilin fitowa fili. Tana kwance a kurmi abinci na zubo mata. Maharbin da ya zuba masara a gindin bishiyar da yake dako, wanda doka ta yarda da shi a filayen masu zaman kansu na yankin, sai ya wuni bai ga ko wutsiya ba, ya koma gida yana cewa barewa ta ƙare. A shekarar da itatuwan suka ƙi, barewa na yawon neman abinci, harbi ya yi yawa, kowa ya ce an yi shekara mai albarka, alhali dabbobin rama suke yi. Shi ya sa masu hasashe ke leƙa saman itace tun watan Agusta. Lokacin da ba ya canzawa shi ne na barbara, wanda a gaɓar teku yakan faɗo daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da namiji ke manta tsoro ya bi mace da rana tsaka.

Cututtuka biyu ake sa wa ido. Ta farko wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa ta a ƙarshen zafi, dabbar ta yi zazzaɓi ta nufi ruwa ta mutu a bakinsa, amma da sanyi ya sauka ya kashe ƙwarin cutar ta lafa. Ta biyun ta fi tayar da hankali: wata cuta ce mai cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba magani ba rigakafi, kuma abin da ke haddasa ta yana daɗewa a cikin ƙasa shekaru. An fara gano ta a Karolina ta Arewa a 2022, a ƙaramar hukumar Yadkin, daga baya ta ɓulla a gabashin jihar. Inda duk ta ɓulla, ana tilasta gwaji, ana kuma taƙaita fitar da gawar dabba daga yankin.

Beyar: wanda ya ƙoshi da gonar wani

Zirin ƙasar da ke tsakanin mashigin ruwa na Albemarle da na Pamlico a Karolina ta Arewa yana cikin wuraren da baƙin beyar ya fi cunkoso a duniya, kuma a yankin ne ake samun mafi ƙiba. A 1998 aka harbe wani a ƙaramar hukumar Craven mai nauyin kilo 399. Sirrin ba wani abu ba ne: sanyin wurin ba ya tsanani, saboda haka mazan ba sa doguwar kwanciyar hunturu irin ta 'yan'uwansu na arewa, ga kuma masara da alkama da gyaɗa a bakin ƙofa kusan duk shekara. Beyar yakan shiga tsakiyar gonar masara ya zauna kamar mutum, ya riƙa janyo kara da hannu yana ci, ya bar fili kwance kamar an yi kokawa. Daga bakin titi ba a ganin ɓarnar, sai ranar girbi.

A farkon shekarun 1970 ya kusa ƙarewa, jihar ta ware masa wuraren da ba a harbi tun 1971. Yanzu ana ƙiyasta su kusan 20,000 a jihar, fiye da rabi a gaɓar teku, kuma abin da aka harbe a 2022 ya haura 4,000. Lokacin farautarsa gajere ne, cikin Nuwamba da Disamba, guda ɗaya ga kowane maharbi. Ba a taɓa uwa mai 'ya'ya, ba a taɓa ƙaramin da bai kai kilo 34 ba. Har sai da aka haramta ajiye masa alewa da cakulan a daji, domin wasu sun riƙa jibge tarkacen masana'antar kayan zaƙi don su janyo shi.

Yadda ake ƙidaya dabbar da ke ɓoye a sunƙuru abin sha'awa ne. Duk wanda ya harbi beyar, wajibi ne ya ciro wani ɗan ƙaramin haƙori da ke bayan fiƙa, ya sa a ambulan ya aika wa hukuma. A ɗakin gwaji a yanka saiwar haƙorin siriri, a ƙirga zoben da ke ciki kamar yadda ake ƙirga shekarun itace. Idan aka tara dubban haƙora, za a ga ko garken na tsufa ko matasa sun yi yawa, har a haƙorin mace ana iya gane shekarun da ta haihu. Daga nan ake yanke shawarar ƙara kwanakin farauta ko rage su.

Alade: inda harbi ya zama taki

Nahiyar Amurka ba ta da alade tun asali. Turawan Sifen ne suka kawo shi, ciki har da ayarin Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a 1539. Ƙarnuka manoma suna sakin nasu su yi kiwo a daji. A 1912 wasu attajirai suka shigo da aladen dajin Turai wani gandun farauta a tsaunin Hooper Bald na Karolina ta Arewa, suka fasa shinge, suka gauraya da na gida. Jikokinsu ne yau sama da miliyan 6 a jihohi kusan 35, kuma ɓarnarsu a shekara ta haura dala biliyan 1.5. Manomin da gadu ya taɓa shiga masa rogo ya san irin aikin, sai dai a ninka. Suna tone masara daren da aka shuka ta, layi bayan layi, suna farfasa madatsun ruwa, a tsibiran bakin teku kuma suna haƙe ƙwan kunkurun teku.

A nan doka ba ta ɗauke shi naman farauta ba. A filin mai zaman kansa babu lokacin rufewa, babu adadi, har da dare ana bin sa da na'urar ganin zafin jiki. Wasu da karnuka suke bi, kamar farautar gayya ta gida: wasu karnukan su tsayar da shi da haushi, wasu masu sulke a ƙirji su cafke kunne, maharbi ya ƙarasa da wuƙa.

To me ya hana shi ƙarewa? Na farko haihuwa. Macen takan ɗauki ciki tun tana wata 6 zuwa 8, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, 'ya'ya biyar ko shida a kowane karo, wani lokaci fiye. Masana sun ce sai an kashe wajen kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin ma a hana su ƙaruwa, kuma farautar nishaɗi ba ta zuwa kusa da haka. Na biyu wayo. Idan aka harbi biyu cikin garken goma sha biyar, sauran sun yi karatu, sun koma yawon dare, sun watsu gonakin maƙwabta. Na uku shi ne mafi muni: da alade ya zama abin nishaɗi da ake biyan kuɗi a harba, sai wasu suka riƙa loda shi a mota suna kai wa inda babu, don su ma su samu na harbi a kusa. Taswirar yaɗuwarsa ta nuna tsalle-tsallen ɗaruruwan kilomitoci da ƙafar alade ba za ta yi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka wasu jihohi suka ɗauki matakin da ke kama da hauka a ido. Tenesi a 2011 ta soke farautarsa ta nishaɗi, Mizuri kuma a 2016 ta hana harbinsa a filayen hukumar kare namun dajinta. Hujjarsu ita ce a kashe riba, sai jigilar ta mutu. Maimakon harbi, a kafa shingen ƙarfe mai faɗi, a zuba masara kwana da kwanaki har garken ya saki jiki, a sa kyamara. Mai tarkon na kwance a gida yana kallo a wayarsa, yana ƙirgawa. Idan goma sha huɗu suka shiga ɗaya na waje, ba ya taɓa komai, don wanda ya tsira ba zai sake shiga tarko ba har abada. Sai daren da suka cika ya danna, ƙofa ta faɗo. A jihohin Karolina ana amfani da wannan dabara, amma ba a hana harbin ba, kuma masu karnuka ba su da niyyar yarda a hana. Idan mujalla ta rubuta cewa bana "alade zai samu sosai", albishir ne ga maharbi, ta'aziyya ce ga manomi.

Agwagi: hukuncin da ake yankewa a wata ƙasa

Barewa da beyar 'yan gida ne. Yawancin agwagin baƙi ne, kamar waɗanda ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai idan hunturu ya kama. Saboda suna tsallaka iyakoki, gwamnatin tarayya ce ke tsara dokarsu, ta raba ƙasar zuwa hanyoyin ƙaura huɗu, Karolina na kan ta Atlantika. Tun 1955, duk watan Mayu, ana tashi da ƙananan jirage a bi ta kan wuraren da suke ƙyanƙyasa a Kanada da arewacin Amurka, ana ƙirga tsuntsaye da kududdufai. A 2015 ƙidayar ta kai miliyan 49.5, mafi yawa a tarihi. A 2023, bayan fari ya busar da kududdufan, ta sauko miliyan 32.3. Maharbin da ke bakin tekun Karolina, rabonsa na Disamba ya danganta da ruwan da aka yi a wata ƙasa wata bakwai baya.

Ko sun yi yawa, sai sanyi ya koro su. Agwagwa ba ta barin inda ruwa bai daskare ba kuma abinci na nan. A shekarun da hunturu ya yi sauƙi a arewa, da yawa sukan tsaya a hanya, na kudu su yi ta kallon sama. Ƙorafin da ake ji ke nan a shekarun nan, kuma babu hukumar da ke da maganinsa. Mai ceton maharba a irin wannan shekara ita ce agwagwar kurmi, 'yar gida mai ado da ke ƙwai a kogon itace, wadda ita ma ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20 kafin a riƙa kafa mata akwatuna a fadamu.

Dokokin agwagwa sun fi na kowa tsauri. A hanyar Atlantika kwana 60 ne iyaka, shida a rana, kuma cikin shidan kowane iri da adadinsa, don haka sai mutum ya iya bambance tsuntsu yana sama cikin duhun asuba. Mai koren kai, misali, an rage shi daga huɗu zuwa biyu a 2019, aka mayar huɗu a 2023. Ba a fara harbi sai saura rabin awa rana ta fito. Bindiga ba ta ɗaukar fiye da harsashi uku. Zuba hatsi don janyo su laifi ne babba, duk da cewa an yarda a yi wa barewa. Tun 1991 kuma aka haramta harsashin dalma, saboda agwagi na tsintar ƙwayoyin da suka nutse a laka su haɗiye, gubar ta kashe su. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai kuma murar tsuntsaye: a Janairun 2022, a jikin agwagwar da wani maharbi ya harbo a ƙaramar hukumar Colleton ta Karolina ta Kudu aka fara gano sabon nau'in nan mai tsanani a tsuntsun daji a Amurka, kafin ya shiga gonakin kaji.

Mafi kyawun wuraren agwagwa a Karolina ta Kudu suna da tarihin da ya shafe mu. A bakin kogunan Ashepoo da Combahee da Edisto da Santee, bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, da yawansu daga ƙasashen da suka san noman shinkafa, suka sare kurmin fadama da gatari, suka gina madatsu da hannu cikin laka da sauro. A jikin kowace madatsa akwai wani dogon akwatin katako da ke ratsa ta, da ƙofa a kowane baki. Idan teku ya cika ya turo ruwan kogi sama, a ɗaga ƙofar waje ruwa ya shiga gona. Idan ana son zubarwa, a ɗaga ta ciki a jira teku ya janye. Bayan yaƙin basasa ya kawo ƙarshen bauta a 1865, guguwowin 1893 da 1911 suka ƙarasa noman, attajiran arewa suka saye gonakin don farauta. Har yau da irin waɗannan akwatunan ake sarrafa ruwan, sai dai ciyawar agwagwa ake nomawa maimakon shinkafa. Jikokin waɗanda suka gina madatsun, al'ummar Gulla, suna nan a yankin, amma kaɗan ne cikinsu ke da ƙafar shiga waɗannan filaye.

A Karolina ta Arewa kuwa akwai tafkin Mattamuskeet, mafi girman tafkin halitta a jihar, kusan hekta 16,000, amma zurfinsa da ƙyar ya wuce ƙugu. An taɓa kafa manyan injina aka zuƙe shi don noma, aka yi asara, gwamnati ta saye shi a 1934 ta mayar mafakar tsuntsaye. Nan ne fararen dinyoyi masu dogon wuya ke sauka daga can ƙuryar arewa, waɗanda sai an ci ƙuri'a ake samun izinin harbin guda ɗaya. Zuwa 2017 ciyawar ƙarƙashin ruwan da tsuntsayen ke ci ta ƙare ƙaf, saboda takin da ke gangarowa daga gonaki da wani baƙon kifi mai dama laka. Babu maharbin da ya harbi ciyawar.

Guguwa da gishiri

Lokacin farauta ya haɗu da lokacin mahaukaciyar guguwa. Bayan guguwar Florence ta Satumban 2018, Karolina ta Kudu ta dakatar da farautar barewa na ɗan lokaci a kwarin kogunan da suka yi ambaliya, domin dabbobin sun taru a 'yan tuddai ba su da mafita. Amma guguwa ba asara ba ce zalla. Da guguwar Hugo ta kwantar da gandun dajin Francis Marion na Karolina ta Kudu a 1989, tofon da ya biyo baya ya ciyar da barewa shekaru.

Wanda ba ya komawa baya shi ne gishiri. Teku na hawa, ƙasar na nutsewa a hankali, lambatun da aka haƙa don fitar da ruwan gona kuma sun zama hanyar shigowar ruwan teku. Itatuwa na mutuwa a tsaye, farare ƙal ba ganye, mazauna na kiran su dajin fatalwa. A mafakar namun daji ta kogin Alligator, wadda ke tsakiyar ƙasar beyar, binciken jami'ar Duke ya gano kashi 11 cikin 100 na dajin ya koma haka tsakanin 1985 da 2019. A ganina wannan ne ya kamata ya zama shafin farko na kowane hasashe, amma da yake ba ya canzawa daga bara zuwa bana, ba kasafai ake ambatonsa ba.

Wa ke ci, wa ke biya?

A doka, naman daji na jama'a ne, amma ƙasar da yake takawa a kudu yawanci ta masu zaman kansu ce. Talakan maharbi ko dai ya haɗa kuɗi da abokai su yi hayar gandun kamfanin katako, ko ya shiga cunkoson filayen gwamnati. Farautar babban beyar a Hyde tare da ɗan jagora kan ci dubban daloli, abin da ya sa wasu manoman da ke kuka da ɓarnarsa suka gane ya fi wani amfanin gonar riba. Maƙwabcinsu da ba shi da filin haya, ɓarnar kawai yake kwasa.

Masu sakin karnuka a kan barewa, al'adar da ta daɗe a yankin, suna rigima da sababbin mazauna, domin kare ba ya karanta allon "an hana shiga". Masu kare haƙƙin dabbobi na ganin bin beyar da karnuka da zuba masa abinci zalunci ne. Masu mota kuma suna gefe guda: ana karo da barewa fiye da sau miliyan 1 a shekara a Amurka, mafi yawa a watannin barbara. Har coci na da nata kason. Sai a 2015 Karolina ta Arewa ta halatta harbi da bindiga ranar Lahadi a filayen masu zaman kansu, bayan haramcin kusan shekara 150, kuma ko yanzu ana ajiye bindiga daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 12:30 na rana, ba a kuma harbi kusa da wurin ibada.

Abin da ke damun hukumomin shi ne maharban kansu ke raguwa. Ƙidayar 2016 ta samu miliyan 11.5, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na manya, kuma yawancinsu sun manyanta. Su ne ke sayen lasisi, su ne ke rage matan barewa idan sun yi yawa, su ne ke aiko da haƙorin beyar a ambulan. Shi ya sa jihohin biyu suka ware ranakun da yara kaɗai ke da izinin harbi, babba na tsaye a gefe.